Abin da sawu a kan rairayin gaɓar tekun Ghana ke faɗa wa masu lura

Da asubahi, kafin masunta su fara jan koma, rairayin gaɓar teku a Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga tekun Atlantika, yakan wayi gari da zane-zane iri-iri. Wani zanen kamar an bi da tayar tarakta, wani kamar an tsattsaga ƙasa da tsinke.

Baƙo zai iya wucewa bai kula ba. Amma ga jami'an kula da namun daji da ke sintiri a wurin, waɗannan alamu su ne rahoton abin da ya faru cikin dare. Dole ne kuma a karanta su da wuri, domin da zarar ruwa ya tumbatso ko iska ta taso, sai su shafe.

Sawun da ya fi kowanne girma

Ghana na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 550, kuma nau'i uku na kunkurun teku ne aka fi sani da yin ƙwai a can, musamman daga watan Oktoba zuwa Fabrairu. Mace ce kaɗai ke fitowa tudu, galibi cikin dare, don haka sawunta ake gani, ba ita ba.

Kamar yadda maharbi ke bambance sawun barewa da na gada, haka masana ke gane kowane nau'i daga faɗin sawunsa da yanayin tafiyarsa.

Mafi girma shi ne kunkuru mai bayan fata, wanda nauyinsa kan haura kilo 300. Faɗin sawunsa kan kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma da yake yana jan jiki da hannuwansa biyu a lokaci guda, alamun dama da na hagu sukan zo daidai da juna.

Koren kunkuru ma haka yake tafiya, sai dai sawunsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma jelarsa kan bar layi a tsakiya.

Ƙaramin cikinsu, wanda masana ke kira olive ridley, shi ya fi yawa a Ghana. Yana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, don haka alamunsa a karkace suke, faɗinsu bai kai mita ba, kuma ba su nutsewa sosai.

Ta yi ƙwai ko ta fasa?

Ganin sawu ba ya nufin akwai ƙwai. Idan layin fitowa da na komawa suka haɗu a wani wuri da aka barbaza yashi, aka kuma danne shi, to alama ce ta cewa ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, waɗanda kan kai ɗari, ta rufe.

Idan kuwa sawun ya yi kwana ya koma ruwa babu alamar tono, to wani abu ne ya kore ta: hasken fitila, hayaniyar mutane, haushin karnuka, ko kuma ta tarar da duwatsu ko shara a inda take neman yashi.

Bayan kimanin wata biyu sai a ga wata alamar: ɗan wurin ya lotsa, ga ɗaruruwan ƙananan sawu sun nufi ruwa. 'Ya'yan sun ƙyanƙyashe ke nan. Bisa halittarsu sukan nufi inda ya fi haske, wato saman teku. Idan aka ga sawun nasu ya juya ya nufi gari, fitilun gidaje ko otal-otal ne suka ruɗe su, kuma da wuya irin waɗannan su rayu.

Zafin yashin ma yana da tasiri. Idan ya haura kusan digiri 29 a ma'aunin Salshiyas, mata ne ke rinjaya a cikin 'ya'yan, abin da ya sa ɗumamar yanayi ke damun masana.

Ƙananan alamu

Ramukan da ke warwatse da ɗan tulin yashi a bakinsu na wata farar kaguwa ce mai gudun tsiya, wadda ke fita da dare tana farautar 'ya'yan kunkuru.

Ƙananan huji-huji a jere a kan jiƙaƙƙen yashi kuwa aikin bakin wasu 'yan tsuntsaye ne masu bin igiyar ruwa da gudu. Wasunsu daga yankin ƙanƙara na can arewacin duniya suke tasowa, su yi dubban kilomitoci don su ci rani a Ghana.

Ɓawon ƙwai a warwatse kusa da rami a buɗe, da sawun kare ko alade, shaida ce ta ɓarna. Idan kuma sawun mutum ne, kuma babu ko ɓawo, an kwashe ƙwan ke nan.

Me ya sa ake damuwa?

An ƙiyasta cewa ɗaya kacal cikin 'ya'ya dubu ke kaiwa girma. Ga kuma zaizayar gaɓa, da ɗibar yashi don gini, da komar masunta, da ledoji da kunkuru ke haɗiya bisa zaton abinci ne.

Dokar Ghana ta haramta kama kunkurun teku ko kwasar ƙwansa tun 1971, kuma yankin Songor da ke Ada na cikin wuraren da hukumar Unesco ta amince da su a 2011 a matsayin matattarar halittu ta musamman. Al'adar mutanen Ada ma ta hana cin namansa.

Da ƙidayar sawu ake sanin ko kunkurun na ƙaruwa ko raguwa, da kuma ramin da ya kamata a kwashe ƙwansa a mayar wuri mai tsaro.

Shawarar jami'ai ga masu zuwa shan iska bakin teku, ciki har da mazauna zango-zangon Accra da Cape Coast da Takoradi, ita ce kada a tattake sawun, kada a tona, kada a haska fitila, kada kuma a sayi ƙwan. A sanar da ofishin kula da namun daji mafi kusa tun kafin ruwa ya share shaidar.