Jirgin Sama Mai Rimot: Abin Da Sabon Shiga Zai Saya Da Abin Da Zai Fara Koya

Bidiyon ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot ya cika YouTube da TikTok, kuma da wuya matashi ya kalla bai ji sha'awar mallakar nasa ba. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yawan jiragen da suka ragargaje kafin mai su ya ƙware. Sabon shiga kan zaɓi wanda ya fi burge shi a hoto, galibi mai siffar jirgin yaƙi, ya harba shi sama ranar da ya iso, cikin 'yan daƙiƙu ya dawo ƙasa da ka. Kuɗin da aka daɗe ana tarawa sun tafi, sha'awar ma ta bi su. Ana iya kauce wa wannan asara idan aka san irin jirgin da ake farawa da shi, aka kuma yi atisaye a waya ko kwamfuta kafin a fita fili.

Bambancinsa da duron

Duron mai farfela huɗu, irin wanda ake ɗaukar bidiyon biki da shi, yana iya tsayawa cak a sama idan aka saki rimot. Jirgi mai fiffike ba ya tsayawa. Iskar da ke ratsa fiffikensa ce ke riƙe shi, saboda haka dole ya yi ta tafiya gaba. Da zarar gudunsa ya yi ƙasa fiye da kima, fiffiken ya daina ɗaukarsa, sai ya sunkuyar da kai ya faɗo. Ke nan mai tuƙi ba shi da damar tsayawa ya yi tunani, kuma wannan ne ya sa koyonsa ya fi na duron wuya.

Harkar tsohuwa ce. Tun ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka tashi jirgin da suka ƙera suna sarrafa shi da rediyo. A watan Agustan 2003 kuma wani jirgi mai suna TAM 5, wanda Maynard Hill ya ƙera kuma nauyinsa bai wuce kilo 5 ba, ya tsallake tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ayalan, tafiyar fiye da kilomita 3,000 cikin kusan awa 39.

Kayan da ke cikinsa

Rimot ɗin da ke hannun mai tuƙi yana aika siginal zuwa wata 'yar na'ura a cikin jirgin da ake kira risiba. Yawancin na yanzu suna aiki a zangon 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da Bluetooth na waya ke amfani da shi. Kowace risiba ana ɗaura ta ne da rimot guda, don haka mutane da yawa za su iya tashi a fili ɗaya ba tare da siginal ya cakuɗe ba.

Risiba na rarraba umarni wuri biyu. Na farko shi ne ESC, na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa injin lantarki mai juya farfela. Na biyu su ne sarbo, wato 'yan ƙananan injina da ke motsa harsunan da ke jikin fiffike da wutsiya.

Kowane umarni yana da hanyarsa, wadda ake kira canel. Totur ne ke ƙara gudun inji ko rage shi. Harshen wutsiya na kwance, elibeta, yana ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi. Harshen wutsiya na tsaye, rada, yana karkata hancin dama ko hagu. Harsunan fiffike biyu, elaron, su ke kwantar da jirgin gefe guda don ya sha kwana. Jirgi mai canel 3 ba shi da elaron, da rada kawai yake juyawa, kuma ya fi sauƙin koyo. Mai canel 4 yana da su duka.

Jirgin da ake farawa da shi

Jirgin koyo yana da alamomin da ake gane shi da ido. Fiffikensa a saman jiki yake, nauyin yana rataye a ƙasa. Bakin fiffiken biyu sun ɗan ɗaga sama, wanda hakan ke sa jirgin ya miƙe da kansa idan iska ta karkata shi. Faɗin fiffike daga mita 1 zuwa mita 1.5 ya fi dacewa, domin ana hango shi daga nesa kuma 'yar iska ba ta wasa da shi kamar yadda take yi da ƙananan. Idan farfelar a baya take, a bayan fiffike, ya fi kyau, saboda hancin ne ke fara dukan ƙasa a kusan kowane hatsari.

Jikin ya kasance na soso mai tauri, dangin farin sosan da ake saka talabijin a ciki cikin kwali amma ya fi shi juriya. A shafin masu sayarwa ana rubuta shi EPO ko EPP. In ya karye, gam da salatif sun isa a mayar da shi sama a ranar. Jirgin katakon balsa kuwa faɗuwa ɗaya kan jawo gyaran makonni.

Daga cikin sanannun jiragen koyo akwai AeroScout na HobbyZone mai faɗin mita 1.1 da farfela a baya, da Apprentice na E-flite mai mita 1.5, da EasyStar na kamfanin Multiplex na Jamus. Na biyun farko suna da fasahar SAFE, wadda ke amfani da na'urorin jin motsi irin waɗanda ke juya fuskar waya idan aka kwantar da ita. A matakin masu koyo, ba ta barin jirgin ya karkata fiye da kima, kuma da an saki sanda sai ya miƙe. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa da Ranger 600 na Volantex, sai dai ƙanƙantarsa ta sa sai iska ta kwanta sosai yake tashi lafiya.

Haruffan da ke jikin kwali

A nan mutane da yawa ke yin kuskuren oda. RTF na nufin komai na ciki, har da rimot, kodayake wasu kamfanoni kan cire batir da caja, don haka a karanta jerin kayan. BNF na nufin jirgin na da risiba amma babu rimot, kuma sai rimot mai jin yaren Spektrum zai yi aiki da shi. PNP na nufin akwai inji da ESC da sarbo, amma babu risiba, babu rimot, babu batir. Wanda ya ga PNP da araha ya saya a matsayin jirginsa na farko, zai buɗe kwali ya tarar da abin da ba zai tashi ba sai ya ƙara wasu kuɗin.

Masu son ƙirar hannu suna da wata hanyar. Tashar Flite Test da ke YouTube ta yi suna wajen koyar da haɗa jirgi da allon soso mai takarda a jiki, kuma ta fitar da zanen wasu jiragenta kyauta.

Rimot ya fi jirgi daɗewa

Jirgin farko zai sha duka ya ƙare, amma rimot mai kyau zai tuƙa na biyu da na goma. Saboda haka wanda ya tabbata zai daɗe a harkar gara ya sayi mai canel 6 ko fiye, wanda ke iya adana saitin jirage da yawa. FS-i6X na FlySky na cikin masu sauƙin kuɗi. Na RadioMaster, irin su Boxer da TX16S, suna zuwa kala-kala: akwai mai jin yaren risiba iri-iri, akwai mai jin ELRS kaɗai. Dole yaren rimot da na risiba su zo ɗaya.

A kuma duba tsarin sanduna. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Mode 2, inda totur da rada ke hannun hagu, elibeta da elaron ke hannun dama. Yawancin darussan da ke intanet a kansa aka yi su.

Atisaye a waya kafin fili

Akwai manhajojin kwaikwayon tuƙi da mutum zai faɗi sau ɗari bai yi asarar ko kwabo ba. PicaSim na samuwa a Android da Windows, RealFlight kuma na kwamfuta ne kuma sayensa ake yi. Rimot da yawa, musamman na RadioMaster, ana iya jona su da wayar USB su yi aiki kamar hannun gem, a waya kuma ta hanyar OTG. Atisaye da ainihin rimot ya fi taɓa fuskar waya amfani nesa ba kusa ba, domin yatsu ne ake so su saba.

Babban abin da za a koya shi ne juyewar dama da hagu. Idan jirgi na tafiya gaba, damarsa ita ce damar mai tuƙi. Da ya juyo yana fuskantar mutum, sai abin ya juye. Nan ne sababbi ke tura sanda ɓangaren da bai dace ba. Wanda zai iya tashi, ya zagaya ta dama da ta hagu, ya sauka sau goma a jere a manhaja, ya isa fita fili.

Batir ba abin wasa ba ne

Jiragen nan na amfani da batirin LiPo, ɗan uwan na waya. Bambancin shi ne na waya yana da kariya a jikinsa da ke yanke caji, na jirgi kuwa galibi ba shi da ita. Kowane ɗaki na batirin yana da bolt 3.7, yana cika a 4.2, kuma yana lalacewa idan ya sauka ƙasa da 3.0. Batir mai alamar 3S ɗaki uku ne, wato bolt 11.1. Mai 2200 mAh kan ba jirgin koyo kimanin minti 10 zuwa 15 a sama, don haka ana sayen biyu ko uku.

Sai da caja mai daidaita ɗakuna ake caja shi, kuma ƙa'ida ita ce batirin 2200 mAh a caja shi a kan amfiya 2.2, abin da ke ɗaukar kusan awa guda. Caja da yawa suna karɓar bolt 12, ke nan batirin mota ko na sola zai wadatar in babu wuta. A caja shi a kan siminti, nesa da katifa da labule, kuma kada a tafi a bar shi. Kada a ajiye shi cikin mota a rana, ballantana a zafin Afrilu. Idan za a yi kwanaki ba a tashi ba, a bar kowane ɗaki a bolt 3.8. Batirin da ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, domin yana iya kamawa da wuta. A ajiye bokitin yashi kusa.

Ranar farko

A nemi fili mai faɗi wanda ya fi filin ƙwallo, babu jama'a, babu dabbobi, babu turakun lantarki. Sanyin safiya ya fi, lokacin da iska ke kwance. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ko hadari ya haɗo, a haƙura.

Kafin tashi a duba ma'aunin nauyi. Ana ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a wurin da littafinsa ya nuna, galibi tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaban fiffiken. Ya kamata ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya. Idan wutsiya ta rinjaya, jirgin ba zai sarrafu ba, sai a matsar da batir gaba.

Rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a jona batirin jirgi. In an gama kuma batirin ake fara cirewa. A gwada kowane harshe a tabbatar yana bin umarni ta ɓangaren da ya dace. Duk lokacin da za a yi saiti a gida, a cire farfela, don tana yanka kamar wuƙa. Ana tashi da sauka ne ana fuskantar iska, rana kuma a bayan mai tuƙi. A hau sama sosai kafin kwanar farko, saboda tsayi ne ke ba da lokacin gyara kuskure. A sauka tun batir bai ƙare ba. Idan akwai wanda ya iya a kusa, ana iya haɗa rimot biyu, malami ya karɓe tuƙi da zarar ɗalibi ya rikice.

Doka

A Amurka, hukumar FAA ta wajabta rajistar jirgin da ya kai giram 250, da cin wata gajeriyar jarrabawa ta intanet, kuma ba a wuce ƙafa 400, kimanin mita 120. A Najeriya, tun 2016 hukumar NCAA ta sanar cewa ba a harba jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Don haka a tuntuɓi hukuma kafin a yi oda, kada kaya su maƙale a hannun kwastan.

A nisanci filayen jiragen sama da barikin soja da gidajen gwamnati. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, a Zariya kuma jiragen kwalejin koyon tuƙi na shawagi ƙasa-ƙasa. A wuraren da ake fama da matsalar tsaro, ganin baƙon abu a sama na iya tayar da hankalin jama'a. Sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin a fara tashi a wani fili zai raba mai koyo da jirginsa da fitina.