FARAUTAR DA IDO BA YA GANI A CIKIN TAFKI

Idan damina ta kankama a ƙasar Hardawa, tsakanin Misau da Azare a Jihar Bauchi, tafkuna da kududdufai sukan cika maƙil. Wanda ya tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu zai ga ruwa ya kwanta lamo, sai ya zaci babu abin da ke gudana a ciki. Alhali kuwa ko cikin ludayi guda na ruwan nan ana farauta dare da rana, wani ya ci wani, shi ma a cinye shi. Wannan farauta ce ta daɗe tana kwantar da manoman ƙasar nan a daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu.

Ƙananan halittun da ke shawagi cikin ruwa, waɗanda sai da madubin likita ake ganin yawancinsu, su ne masana ke kira filanktan. Kashi biyu ne. Kashi na farko dangin gansakuka ne, da hasken rana suke yin abincinsu kamar sauran tsirrai, kuma waɗanda ke cikin teku su ke samar da wajen rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Kashi na biyu kuwa dabbobi ne, suna kiwon na farkon, suna kuma cin junansu.

Gwarzon mafarautan nan shi ne ƙumar ruwa, wadda Turawa ke kira saikulof saboda ido ɗaya gare ta a tsakiyar ka. Tsawonta bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba. Da gashin ƙahonninta take jin motsin abin da ke iyo kusa da ita, sai ta yi wuf ta cafke shi. Ita kuma ƙananan kifaye ke nema, saboda haka da ta ji ruwa ya motsa sai ta yi tsalle ta ɓace. A teku 'yan'uwanta sukan nutse ƙasa da rana don kada kifi ya gan su, da dare su hau sama su yi kiwo.

To, wannan haɗamar ta ƙumar ruwa ita kurkunu ya mayar tsaninsa. Idan mai kurkunu ya tsoma ƙafa cikin tafki don ya ji sanyi, tsutsar takan zubar da 'ya'yanta dubbai. Suna mutsu-mutsu, ƙumar ta ɗauka abinci ne, ta haɗiye. Amma maimakon su narke, sai su huda hanjinta su zauna cikin jikinta, su ƙosa cikin mako 2. Wanda ya sha ruwan ba tare da tacewa ba ya haɗiye ƙumar, cikinsa ya narkar da ita, 'ya'yan tsutsar su kuɓuta. Bayan wata 10 zuwa 14 sai ƙurji ya fito, tsutsa mai tsawon da kan kai mita 1 ta leƙo. Ashe abin da aka farauta shi ne ya ci riba. Wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, shi ya gano wannan alaƙa wajen 1870.

A da, a Arewa kurkunu ya fi fitowa da damina, mutum ya yi makonni a kwance ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, ciyawa kuwa ta cinye gona. A 1986 an ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 3.5. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000, har da Jihar Bauchi, ba a kuma sami ƙasar da ta kai haka ba.

Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Sanin halin ƙumar ruwa shi ya karya lagonsa. Gwamnati, tare da Cibiyar Carter ta tsohon Shugaban Amurka Jimmy Carter, ta raba ƙyallen tata mai ƙananan ƙofofi wanda ƙumar ba ta iya ratsawa, aka riƙa zuba maganin Abate a tafkuna, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ƙurji shiga ruwan sha. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi da talakawa. An ga mutum na ƙarshe mai cutar a Jihar Enugu a Nuwamba 2008, kana a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da ita.

Kada dai a ɗauki ƙumar ruwa abokiyar gaba ɗungurungum. Wasu nau'o'inta suna cin 'ya'yan sauro tun suna sabbin ƙyanƙyasa. A ƙasar Biyetnam, tun daga shekarun 1990, an riƙa zuba su cikin randuna da tankunan ruwa, sauron da ke kawo zazzaɓin denge ya ragu ƙwarai a ƙauyukan da aka gwada. Ita ce kuma abincin 'ya'yan kifin da masunta ke jira su girma.

Sai dai da sauran rina a kaba. A 2023 mutum 14 aka samu da kurkunu a duniya, mafi yawansu a Chadi, maƙwabciyarmu, inda tun 2012 ake samunsa a jikin karnuka. Masana na zargin kayan cikin kifi da kwaɗin da suka ci ƙumar ruwa, waɗanda karnukan ke ci ɗanye. Ƙumar tana nan a kowane tafkin Hardawa, mutum ɗaya mai ƙurji kawai take jira. Saboda haka duk gidan da ke ɗiban ruwan tafki ya ci gaba da tacewa ko tafasawa, a binne kayan cikin kifi, wanda kuma ya ga ƙurji mai tsutsa ya hanzarta sanar da ma'aikatan lafiya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.