Taimakon Marasa Matsuguni: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da hunturu ya kankama, idon jama'a kan kai ga masu kwana a ƙarƙashin gada da rumfunan kasuwa da harabar tashar mota, kwali ne shimfiɗa, buhu ne mayafi. Lokacin ne kuma zantuka ke yawa a kan yadda ya kamata a taimake su.

Wanda aka fi ji shi ne, "Ka ba shi kuɗi, ƙwaya zai saya." An gwada wannan magana a birnin Vancouver na Kanada. Daga 2018, wata ƙungiya tare da Jami'ar British Columbia suka ba mutum 50 marasa matsuguni dalar Kanada 7,500 kowanne, a dunƙule, ba sharaɗi. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa a cikin shekara guda kwanakin da suka yi ba muhalli sun ragu da 99 idan aka gwada su da waɗanda ba a ba ba, kuma abin da suke kashewa a giya da ƙwaya da taba bai ƙaru ba. Amma fa a lura: tun farko ba a saka waɗanda shaye-shaye ko taɓin hankali ya yi wa katutu ba. Su magani suke buƙata da mai bibiyar lamarinsu. Yi wa kowa kuɗin goro ne ƙarya.

Ana kuma cewa, "Ai duk mabarata ne, suna da gidajensu." Akwai mabarata masu gida, babu musu. Sai dai bara daban, rashin wurin kwana daban. Ɗan dako da mai tura baro da ɗan ci-rani da ke kwana a rumfar ubangidansa ba su taɓa miƙa hannu ba. Haka iyalan da ambaliyar madatsar Alau ta raba da gidajensu a Maiduguri a Satumbar 2024. Mai miƙa canji ta tagar mota ba zai taɓa haɗuwa da su ba. Mai unguwa da limamin masallaci ne suka san su.

Batun "abinci ya fi komai" rabinsa gaskiya ne. Da azumi kunu da ƙosai har su yi yawa, bayan salla kuma ɗif. Tsofaffin kaya ma sau da yawa kwashe shara ce aka sa mata sunan sadaka. A tambayi mutum tukuna.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne zaton wai dole a gutsuttsura zakka kowa ya samu ɗan abin da ba zai kashe masa ƙishi ba. A mazhabar Malikiyya ya halatta a ba fakiri ɗaya abin da zai ishe shi shekara. Ga shi a garuruwanmu masu gida kuɗin shekara suke nema a dunƙule, abin da mai samun na yau da gobe ba ya iya tarawa ko da yana aiki kullum. Idan mutum goma suka haɗa abin da suke warwatsawa a titi, sai ya kama wa iyali guda ɗaki. A miƙa wa mai buƙatar kuɗin, a raka shi wurin mai gida, a rubuta rasit da sunansa, mai unguwa ya zama shaida.