Shin Ko Kun San? Daga Zaren Ɗan Dambe Zuwa Kejin UFC

Shin ko kun san akwai samarin da ke hana idonsu barci a birnin Zariya saboda faɗan da ake yi a Las Vegas? Ƙwarai kuwa! Sa'ad da aka buɗe babban wasan gasar faɗa ta UFC da daddare a Amurka, a nan dare ya riga ya raba. Kafin manyan zakaru su fito, ladan ya kusa kiran assalatu. Ga yaro nan a zaure, waya a hannu, ko ƙiftawa ba ya yi. Me ya gani a jikin mutumin da bai taɓa haɗuwa da shi ba? Ku biyo ni!

Ku fara da filin. Kusurwa takwas ke ga kejin da ake faɗan a ciki. To ku ƙirga ƙofofin ganuwar Zazzau: Doka, Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau. Nawa ke nan? Takwas cif!

Safar hannun ɗan wasan fa? Mafi sauƙinta kimanin giram 113 ce. Wayar da ke aljihunka ma ta fi ta nauyi. Da wannan 'yar aba ake tunkarar ƙato!

Shin ko kun san mun riga su? Tun kafin a ƙirƙiro UFC a 1993, dambe ya tsufa a ƙasar Hausa. Wasan mahauta ne tun asali. Da kaka, an kai amfanin gona gida, sai su bi gari gari, ana yanka da rana, ana sa zare da yamma. Hannu ɗaya a naɗe shi tamau, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe a gaba, shi ne garkuwa. Mashi da garkuwa fa, jama'a! Kayan yaƙi sak. Ƙafa ma tana aiki, don haka wanda ya ce haɗa naushi da shuri sabon abu ne, bai leƙa gidan dambe ba.

Ga wani abin mamakin. A dambe turmi uku ake yi. A UFC ma zagaye uku ne, na minti biyar biyar, sai wasan kambu ko babban wasan dare da ake kaiwa biyar. A dambe da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Sai ka ji fili ya ɗauka: "Ya kashe shi!" Alhali wanda aka kashe ɗin ya miƙe yana kakkaɓe ƙura. In kuwa turmi uku suka ƙare kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su.

Yanzu ku zo mu tsaya a kan suna, domin a nan zuciyar 'yan kallo take. Ɗan dambe ba ya shiga fili shi kaɗai. Yana ɗauke da ubangidansa a cikin sunansa. Shagon wane. Autan wane. Garkuwan wane. In da hagu yake sa zare, sai a ce Bahagon wane. Da ka ji sunan, ka san gidan da ya fito, ka san wanda ya koya masa tsayuwa, ka san wanda zai ji kunya in an kashe shi. Ga kuma ɓangare: wannan ɗan Arewa, wancan ɗan Kudu, ga Guramada. Mutum zai biya kuɗin ƙofa, ya zauna, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, saboda yaron ɓangarensu ne. Ni dai ban san wata hanyar ɗaure zuciyar ɗan kallo da ta fi wannan ƙarfi ba.

Kalangu kuma? Kowane gwani da takensa. Makaɗi na canza hannu, sai ka ga mutum ya zabura daga cikin taro, jiki na tsuma, ya ɗaga hannu yana kirari. Tun ba a kai naushi ko ɗaya ba, tsikar jikin 'yan kallo ta tashi.

Kun san Shago? Ina Bahaushen da bai ji sunan ba! Amma mutum nawa ne cikin masu ambatonsa yau suka ga damben nasa da idonsu? Kaɗan ƙwarai. Waƙar Muhammadu Bawa Ɗan'anace ce ta ɗauke shi ta kai shi kowane lungu, ta rediyo da kaset. Hannu ya yi aikinsa a fili, baki ya yi nasa har bayan rai. Haka sunan Ɗandunawa da na Ado Ɗan Kwaure suke yawo a bakin dattawa.

To ku leƙa waje ku gani. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, an tafi da shi Amurka yana ɗan shekara 8. A watan Maris na 2019 ya doke Tyron Woodley, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun UFC. Sau 15 a jere ya ci wasa a UFC! Tutar Nijeriya kuwa ba ya barin ta a baya. Shi ya sa wanda bai taɓa zuwa Auchi ba ma yake cewa "namu ne".

Israel Adesanya, ɗan Legas, da rawa ya shigo fili a Melbourne a watan Oktoba na 2019. Rawa fa, gaban mutum sama da 57,000! Sannan ya kwantar da Robert Whittaker a zagaye na biyu. Wanda ya saba ganin ɗan dambe na taka rawar takensa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Amma labarin da ke sa a yi shiru a majalisa shi ne na Francis Ngannou. Ɗan ƙauyen Batié a Kamaru. Yana kimanin shekara 10 ya fara haƙar yashi don neman abin makaranta. Da ya girma ya kama hanya, ya ratsa Nijeriya da Nijar, ya keta Sahara, ya kai Maroko. Ya tsallaka Sifaniya, aka tsare shi wata biyu. A Faris a wurin ajiye motoci yake kwana. A watan Maris na 2021 ya buge Stipe Miocic ya zama zakaran masu nauyi na UFC. Mai haƙar yashi! Duk mai tura baro da ya ji wannan labari, sai ya ƙara gyara tsayuwa.

Shin ko kun san akwai wanda ya yi wasa 29 ba a taɓa cinsa ba? Khabib Nurmagomedov ke nan, mutumin Dagestan. Yana yaro an ɗauke shi a bidiyo yana kokawa da ɗan beyar. Lokacin da yake wasa, in ya ci sai ya faɗi ya yi sujada. Ba ya karɓar wasa a watan azumi. Mahaifinsa, wanda shi ne malaminsa, ya rasu a watan Yuli na 2020. A watan Oktoba ya ci Justin Gaethje a Abu Dhabi, ya durƙusa yana kuka, ya ajiye safar hannunsa a tsakiyar fili. Dalili? Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin wannan ne na ƙarshe. Ga kuɗi na kiransa, ga ƙarfi bai ƙare ba, amma ya bi maganar uwa. Ku gaya mini, a garin malamai irin Zariya, wa zai ji wannan bai so shi ba?

Ƙaramin jiki ma na da masoyansa. A gasar UFC ta farko ta 1993 a Denver, Royce Gracie bai fi kilo 80 da 'yan kai ba. Ya gama da mutum uku a dare ɗaya, duka cikin ƙasa da minti biyar!

Sauri kuke so? Conor McGregor ya kashe Jose Aldo cikin daƙiƙa 13 a 2015. Jorge Masvidal ya kwantar da Ben Askren cikin daƙiƙa 5 a 2019. Biyar! Kafin mai shayi ya juya cokali, an tashi wasa. A gidan dambe wannan shi ake kira kwab ɗaya.

Kwab ɗayan nan kuwa ba ya duba girma. A watan Agusta na 2022 Kamaru Usman na gaba da maki, saura ƙasa da minti guda a tashi. Sai Leon Edwards ya ɗaga ƙafar hagu. Shi ke nan, kambu ya tafi! Tsofaffin 'yan kallon dambe sun san irin wannan rana, ranar da za a kashe gwani makaɗinsa na tsaka da buga takensa.

Yau kuma wayar da ake kallon Las Vegas da ita, da ita ake kallon damben gidan Ali Zuma na Dei-Dei a Abuja da na Kano. Turawa ma sun gano shi a YouTube, suna ta mamakin hannu ɗaya a zare. Ku ratsa lungunan Ƙofar Doka bayan la'asar, ku duba da kyau. Za ku iya cin karo da yara biyu sun naɗe hannu da tsumma, na uku na kaɗa gwangwani. Ɗaya ya ce shi ne Khabib. Ɗayan ya buga ƙirji ya ce shi Shago ne!