Tiyon birki mai saƙar ƙarfe: abin da ke gaskiya da abin da ke ƙarya a saƙon da ke yawo

Wani saƙo na ta zagaya WhatsApp tsakanin samarin da ke tayar da tsofaffin motoci a gida, masu Golf 3 da Marsandi 190 da makamantansu. Wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba, amma ya yi magana kamar shi ya ƙera birki. Ya jero fa'idodin cire tiyon roba a sa mai saƙar ƙarfe, sannan ya ƙare da shawarar da za ta iya kai mutum kushewa.

Mu fara da inda ya yi gaskiya. Tiyon roba yana ɗan kumbura in an taka birki da ƙarfi, musamman wanda ya tsufa. Mai saƙar ƙarfe cikinsa Teflon ne, an lulluɓe shi da saƙar waya mara tsatsa, don haka kumburinsa kaɗan ne, direba kan ji birkin ya ƙara tauri a ƙafa. Wannan haka yake.

Sauran kuwa shaci-faɗi ne. Wai yana ƙara wa inji ƙarfi: babu abin da ya haɗa tiyon birki da inji. Wai mota za ta riƙa tsayawa nan take: taya da takalmin birki da yanayin titi ne ke yanke wannan hukunci. Wai in ka sa shi ka huta da canza man birki: man DOT 3 da DOT 4 ruwa yake zuƙa daga iska ko wane tiyo aka sa. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155 zai tafasa.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta ƙarshe: wai duk tiyo mai saƙar ƙarfe ɗaya ne, ka je shagon kayan famfo ka sayi na hita ko na banɗaki da araha, ka ɗaure da kilif. Ban ga laifin wanda ya yarda ba. A ido kamarsu ɗaya, kayan mota sun yi tsada, kuma kowa ya san yadda aljihu yake a yanzu. Laifin na wanda ya tura ne bai tambayi ko bakanike ɗaya ba.

A duba lissafin da ma'aunin psi, wanda masu faci ke auna iska da shi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kusan 32. Tiyon famfo na gida galibi an yi shi ne don matsin da bai wuce 150 ba. Birki kuwa, in yaro ya faɗo titi aka taka da ƙarfi, matsin man yana haura 1,000. Shi ya sa dokar Amurka mai lamba FMVSS 106 ta ce dole tiyon birki ya jure 4,000 har tsawon minti 2 bai fashe ba, kuma a ɗora shi kan injin da zai yi ta lanƙwasa shi awa 35. Tiyon famfo ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ba.

Bakin tiyon ma wani tashin hankali ne. Na birki da inji ake matse masa kan ƙarfe a masana'anta. Kilif ɗin da ake ɗaurewa da sukundireba ba zai riƙe wannan matsi ba, zaren bakin tiyon famfo kuma ba ɗaya ba ne da na mota, inda yawancin motocin Japan ke amfani da M10. Abin tsoron shi ne irin wannan haɗi yana iya yin aiki a tsakar gida, a taka a ji tauri, a ɗauka an gama. Sai ranar da aka fi bukatarsa ya tsinke. Motocin zamani suna da layin birki biyu, saboda haka rabin birki zai iya saura, amma ƙafa za ta nutse kusan ƙasa, tazarar tsayawa ta ƙaru sosai.

Ko na gaskiyar ma ba ya dawwama kamar yadda saƙon ya ce. Ƙura da yashi suna shiga ƙarƙashin saƙar su riƙa cin Teflon ɗin, kuma ba a ganin ɓarnar daga waje yadda ake ganin tsagewar roba. Saƙar da ba a rufe ta da leda ba tana goge duk abin da ta jingina da shi, har wayar ABS.

Wanda ya nace zai sa da hannunsa, ya sayi wanda aka yi wa samfurin motarsa, mai alamar DOT ko SAE J1401. Ya sa sababbin washa na jan ƙarfe, kada ya bari tiyon ya murɗe, ya juya sitiyari ƙarshen dama da hagu ya tabbata bai ja ba kuma bai taɓa taya ba. Ya fitar da iska gaba ɗaya, ya danne birki na ɗan lokaci ya duba yoyo, sannan ya gwada a fili a hankali. Kada kuma ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

In kuɗin na gaskiya bai samu ba, sabon tiyon roba mai inganci ya wadatar, da shi mafi yawan motoci ke fitowa daga masana'anta. Wanda ya riga ya sa na famfo ya ajiye motar har sai an cire, wanda kuma ya tura saƙon ya koma inda ya tura ya gyara.