Saƙon Kuskure a Matsayin Matani: Yadda Ake Gwada Shi a Manhajar Git

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda maginan manhajar Git suke gwada saƙonnin da manhajar take fitarwa idan aka ba ta umarni mai ɗauke da kuskure. An nuna cewa saƙon kuskure yana da masu karɓa guda uku: mutumin da ya rubuta umarnin, da wata manhajar da take dogaro da sakamakon, da kuma mafassari. Ingancin gwaji ya ta'allaƙa ne a kan rarrabe abin da ya zama alkawari, wanda ba a so ya sauya, da abin da yake lafazi ne wanda ake iya gyarawa ko fassarawa. A ƙarshe an duba abin da wannan tsari zai buƙata daga mai son mayar da irin waɗannan saƙonni cikin Hausa.

Fitilun Kalmomi: Git, saƙon kuskure, gwaji, 'yan rakiyar umarni, fassara

1.0 Gabatarwa

Git manhaja ce ta taskace tarihin gyare-gyare. Tana adana kowane sauyi da aka yi wa fayiloli, da sunan wanda ya yi shi, da lokacin da aka yi shi, ta yadda mutane da yawa za su yi aiki a kan rubutu ɗaya ba tare da sun taka sawun juna ba. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a watan Afrilu na 2005 domin aikin Linux, sannan a watan Yuli na wannan shekarar ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Ana magana da Git ne ta hanyar rubuta mata umarni, kuma duk wanda yake rubutu ba ya rabuwa da tuntuɓen alƙalami. A lokacin da aka yi tuntuɓen, gajeren saƙon da ya bayyana a allo shi ne kaɗai malamin da mai aiki yake da shi. Idan saƙon ya ɓatar da shi, ko kuma manhajar ta yi shiru ta aikata abin da ba a nufa ba, asarar tana iya shafar aikin kwanaki.

2.0 Ƙirar Umarni da Ire-iren Kuskurensa

Umarnin Git yana da ƙira irin ta jumlar umarni. A cikin git log -n 3, kalmar log tana matsayin aikatau, wato "nuna tarihi", abin da ya biyo bayanta kuma yana fayyace yadda za a yi aikin: a nuna gyare-gyare uku na ƙarshe. Waɗannan kalmomi da suke bin aikatau su ne aka kira 'yan rakiyar umarni a wannan maƙala. Wasunsu zaɓi ne, ana gane su da karan-ɗori ɗaya ko biyu a farkonsu, wasu kuma sunayen fayiloli ne ko na rassa.

Kuskuren 'yan rakiya yakan zo ta fuskoki biyar. Na farko, a ambaci zaɓin da manhajar ba ta san shi ba. Na biyu, a bar zaɓin da yake buƙatar ciko ba tare da cikonsa ba, kamar aikatau so-karɓau da aka hana wa karɓau. Na uku, a ba da cikon da bai dace ba, misali harafi a gurbin lamba. Na huɗu, a haɗa zaɓi biyu masu kore juna. Na biyar, a taƙaita sunan zaɓi har ya zama mai harshen damo, domin Git tana karɓar guntun suna matuƙar zaɓi ɗaya tak ne ya fara da shi. Yawancin umarnin Git suna miƙa wannan tantancewa ga sashe guda mai suna parse-options, wanda yake da fayil ɗin gwajinsa na musamman, t0040-parse-options.sh.

3.0 Abubuwan da Manhaja Take Mayarwa

Idan Git ta ƙi umarni, abubuwa uku ne suke fitowa daga gare ta. Akwai kafar sakamako, mai lamba 1, inda amsar aikin da aka nema take bi. Akwai kafar kuskure, mai lamba 2, inda ƙorafi yake bi. Ido yana ganin su a allo ɗaya, amma a wurin kwamfuta hanyoyi ne mabambanta. Na uku shi ne lambar fita, wadda mutum ba ya gani sai ya nema: sifili yana nufin nasara, duk wata lamba kuma tana nufin akasin haka. A al'adar Git, lamba 128 tana tafiya da saƙon da ya fara da kalmar fatal, wato aiki ya tsaya cak, lamba 129 kuma tana nuna cewa ba a bi ƙa'idar rubuta umarnin ba.

Wannan rabe-rabe yana da dalili. Sau da yawa wata manhaja ce take kiran Git, ta ɗauki abin da ya fito ta kafar sakamako ta ci gaba da aiki da shi. Da ƙorafi zai biyo ta wannan kafa, da sai a ɗauke shi a matsayin amsa, ɓarnar ta gangara gaba. Ke nan mutum yana karanta kalmomi, manhaja tana karanta lamba da kafa.

4.0 Tsarin Gwajin

Gwaje-gwajen Git suna zaune a jakar da ake kira t, kuma kowane fayil jerin umarni ne da ake gudanarwa a cikin taskar wucin gadi, nesa da aikin kowa. Ga misalin da aka tsara domin wannan maƙala bisa salonsu:

test_expect_success 'a ƙi lamba mai haɗe da harafi' '
test_must_fail git log -n 1q >out 2>err &&
test_must_be_empty out &&
test_grep "not an integer" err
'

Layi na biyu yana cewa dole umarnin ya gaza, a zuba sakamakonsa a fayil ɗin out, ƙorafinsa kuma a err. Na uku yana tabbatar da cewa babu abin da ya bi ta kafar sakamako. Na huɗu yana neman guntun jumlar da take nufin "ba cikakkiyar lamba ba ce" a cikin ƙorafin. Alamar && tana sarƙe layukan, ta yadda gazawar ɗaya za ta kayar da gwajin baki ɗaya.

Misalin yana da tushe a tarihin manhajar. An daɗe Git tana karanta 1q a matsayin 1, ta watsar da harafin ba tare da ta ce uffan ba, har sai da aka tsaurara tantancewar a sigar 2.44 ta watan Fabrairu na 2024. Irin wannan shiru ya fi mummunan saƙo haɗari, domin mai aiki ba shi da abin da zai sa ya yi shakka.

4.1 Gazawa Mai Tsabta da Durƙushewa

Akwai hanya mafi sauƙi ta cewa "umarnin nan ya gaza", wato sanya alamar motsin rai a gabansa. Jagoran gwajin Git ya hana yin haka ga umarnin Git, saboda alamar tana karɓar kowace irin gazawa. Manhajar da ta taɓa ƙwaƙwalwar da ba tata ba, tsarin kwamfuta yana kashe ta da sigina ta 11, lambar fitarta ta zama 139, kuma wannan ma ba sifili ba ne. Shi ya sa aka samar da test_must_fail, wanda yake ƙin amincewa idan umarnin ya yi nasara, ko sigina ta kashe shi, ko ba a ma same shi ba, wato lamba 127. Inda ake son takamaimiyar lamba, sai a yi amfani da test_expect_code tare da 129 ko 128. Abin nema shi ne manhajar ta ƙi da saninta.

4.2 Gazawa Bisa Dalilin da Ba Shi Ba Ne

Gwajin da yake jiran gazawa yana da wani rauni na daban: abubuwa da dama suna iya jawo gazawar. Mai rubuta gwajin na iya kuskuren harafi a sunan zaɓi, ko ya manta bai ƙirƙiri fayil ɗin da ake buƙata ba. Umarnin zai gaza, gwajin ya wuce, alhali abin da aka so a auna ko kusa ba a kai gare shi ba. Duba kalmomin saƙon ne yake toshe wannan ɓaraka, domin su ne shaidar dalilin ƙin. Haka nan idan umarnin na sauya wani abu ne, kamar goge reshe, akan ƙara layin da zai tabbatar da cewa reshen yana nan yadda yake.

5.0 Tsakanin Tsaurarawa da Sassautawa

Tambayar da ta rage ita ce: nawa daga cikin saƙon ya kamata gwaji ya riƙe? Git tana da test_cmp, mai kwatanta abin da ya fito da abin da ake tsammani harafi da harafi. Wannan yana kama kowane sauyi, sai dai gyaran waƙafi ɗaya na iya kayar da gwaje-gwaje masu yawa, har mutane su riƙa tsoron inganta lafazi. A ɗaya ɓangaren, neman kalma ɗaya gama-gari yana barin saƙon da ba daidai ba ya sulale. Matsakaiciyar hanya ita ce a riƙe guntun da ya bambanta wannan kuskure da sauran, tare da sunan ɗan rakiyar da ya jawo shi.

Fassara ce ta fi fito da wannan matsala fili. Git ta fara fitowa da fassarar saƙonninta a sigar 1.7.10 ta shekarar 2012, ta amfani da tsarin gettext, kuma Jiang Xin ne ya ɗauki nauyin daidaita aikin mafassara. Ƙa'idar ita ce a fassara abin da aka yi domin idon mutum, a bar abin da manhajoji suke karantawa. Domin a kama wanda ya keta wannan iyaka, an ƙirƙiro yanayin gwaji mai suna GETTEXT_POISON, wanda yake musanya duk saƙon da aka ware domin fassara da jumla guda maras ma'ana. Duk gwajin da ya faɗi a wannan yanayi ya tona cewa akwai abin da ya dogara da lafazin da zai iya sauyawa. An cire wannan tsari a 2021, bayan da aikin ware saƙonnin ya kankama. A yau ana gudanar da gwaje-gwajen ne a yanayin harshe na asali da ake kira C, inda saƙonni suke fitowa da Ingilishi ko a wace ƙasa kwamfutar take.

Har wa yau, kundin ƙa'idojin rubutu na Git ya tanadi salon saƙon kuskure: kada a fara shi da babban baƙi don kawai farkon jumla ne, kada a rufe jumla ɗaya da aya, kuma a fara faɗin matsalar kafin abin da ta shafa. A sigar 2.35 ta Janairun 2022 an dunƙule saƙonni masu kama da juna, kamar na zaɓi biyu da ba sa haɗuwa, suka koma ƙwarangwal ɗaya mai gurabe, aikin da Jean-Noël Avila ya gabatar. Mafassari ya sami sauƙi, mai gwaji kuma ya sami jumla ɗaya da zai nema.

6.0 Abin Lura ga Mai Fassara Zuwa Hausa

Cikin harsunan da Git take zuwa da fassararsu akwai Faransanci da Jamusanci da Sinanci da Turkanci, amma babu Hausa. Duk wanda zai ɗauki wannan aiki zai tarar cewa ƙwarangwal mai gurabe yana cin karo da nahawun harshen. Gurbin da ake rubutawa %s bai san jinsi ba, alhali Hausa tana cewa "reshen ba ya nan" amma "alamar ba ta nan". Madanganci da lamirin suna duk suna bin jinsin abin da zai cike gurbin. Mafita ita ce zaɓar ginin da ba ya neman jituwa, kamar "ba a sami %s ba", ko a gabatar da suna tsayayye kafin gurbin, kamar "zaɓin %s yana buƙatar lamba". Inda jerin kalmomin Hausa ya saɓa wa na Ingilishi, gettext ya ba da damar lambata gurabe, %1$s da %2$s, a sauya musu wuri.

Ƙa'idojin rubutu ma suna da nasu tasirin. Git takan kewaye sunan da ya jawo kuskure da alamar zance guda-guda, wadda ta yi daidai da alamar hamza a kalmomi irin su sana'a da 'ya'ya, don haka iyakar sunan tana iya rikicewa ga mai karatu. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, a tsarin UTF-8 kowannensu gurbi biyu yake ci, kuma a bisa saitinta na asali Git tana nuna su da lambobi a jerin sunayen fayiloli: ƙ takan fito a matsayin \306\231, sai an kashe saitin core.quotePath. Gwajin da aka yi da sunayen Ingilishi zalla ba zai taɓa cin karo da waɗannan ba. Wanda ya san harshen ne zai san sunan da ya dace a jarraba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa gwajin saƙon kuskure a Git yana auna abubuwa huɗu: cewa an ƙi umarnin da gangan, da lambar da ta dace, ta kafar da ta dace, kuma bisa dalilin da ya dace. Ukun farko alkawari ne ga manhajojin da suke dogaro da Git, don haka ake riƙe su da ƙarfi. Na huɗu yana rataye ne a kan kalmomi, kuma kalmomi suna buƙatar sararin gyara da na fassara. A wannan gaɓa ce aikin maginin manhaja ya haɗu da na masanin harshe, domin tantance guntun jumlar da yake ɗauke da ma'ana, da gina ƙwarangwal ɗin da zai karɓi kowane suna ba tare da karya nahawu ba, nazarin ginin jumla ne da na ma'ana, waɗanda sassan koyar da Hausa suka daɗe suna yi.