Birni Ba Ya Tsaruwa Da Toshe Ƙofa

A asalin Hausa, birni shi ne garin da ganuwa ta kewaye, kuma ganuwar da ba ta da ƙofa kurkuku ce. Mutanen Sabon Birni da Isa sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, domin murƙushe 'yan bindiga. Talaka ya rasa hanyar neman agaji, yayin da layukan Jamhuriyar Nijar ke tsallakowa ƙauyukan bakin iyaka.

Masana kwamfuta sun daɗe da barin wannan dabara. Katangar tsaro ta manhajar Linux, wadda ake kira Netfilter, tun 2001 take riƙe da rajistar kowace hulɗa da ke ratsa ta: daga ina ta taso, ina ta nufa, sabuwa ce ko tsohuwa. Daga baya aka ƙara mata ba da sanarwa nan take idan hulɗa ta buɗe, ta sauya ko ta ƙare. Da sanarwar ta iso, sai wani shiri ya tare adireshin da ake zargi shi kaɗai, sauran jama'a su wuce. Aikin sarkin ƙofa ke nan.

Gaskiya ne hasumiyar waya da katangar kwamfuta ba ɗaya ba ne, kuma sa ido yana bukatar izinin doka. Amma hikimar ba ta sauya ba. Ya kamata Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da jami'an tsaro su bi sawun layin mai laifi, su bar wa Bagobiri ƙofarsa a buɗe.